Baƙo Mai Littafi a Bakin Zawiya

Duk wanda ya tashi a zango, ko a Kumasi ne, ko a Ankara, ko a Tamale, ya taɓa ganin irin baƙin da nake so in yi magana a kansu a wannan wata. Za ka ga mutum ya zo unguwa ya sami ɗaki ya sauka, ba ya sayar da komai, ba kuma gwamnati ce ta aiko shi ba, sai yawo da ɗan littafi a aljihu. In ana suna yana nan, in ana jana'iza yana nan, in dattawa sun zauna hira a ƙofar gida yana gefe ya kasa kunne. Da can Turawa ne kaɗai ke wannan aiki, yanzu kuwa har da 'ya'yan ƙasar nan daga jami'o'inmu. Bayan shekara guda ko biyu sai su yi sallama su tafi, mu kuma mu manta da su. Su kuwa ba su manta da mu ba. Sun je sun rubuta mu, kuma abin da suka rubuta shi ake karantawa a jami'o'in duniya a kan cewa shi ne labarinmu. Wata Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta zauna a zangon Kumasi tun daga 1965, littafinta a kan mutanen zango ya fito a 1978. Wata kuma, Deborah Pellow, ta yi shekaru tana zuwa Sabon Zango na Malam Bako a Ankara, nata littafin ya fito a 2002. Mu nawa ne muka taɓa riƙe ɗayansu a hannu?

Masu wannan aiki su ne masu nazarin al'adun ɗan Adam, kuma suna da hanyarsu da suke alfahari da ita. Watau mutum ya je ya zauna da jama'ar da yake so ya sani, ya koyi harshensu, ya ci abin da suke ci, ya sa hannu cikin abin da suke yi, yana yi yana lura, in dare ya yi ya rubuta abin da ya gani. Gani dai ya kori ji. Wanda aka fi jingina wa wannan hanya wani mutumin Folan ne mai suna Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna a tsibiran Trobriand, kusa da Sabuwar Gini, tsakanin 1915 da 1918. Kafin shi, galibin masu irin wannan rubutu a barandar Bature mai mulki ko ta ɗan mishan suke zama, a kirawo musu mutane ɗaya bayan ɗaya suna yi musu tambayoyi ta bakin tafinta. Shi kuwa sai ya kafa tantinsa a tsakiyar ƙauye. Tun da littafinsa ya fito a 1922, duk mai son a kira shi masani a wannan fanni sai ya je ya yi irin wannan zama.

Mu da muka bi ta kwalejin horon malamai mun ɗan ɗanɗani abin. Kafin a ba ka alli, sai an tura ka wata makaranta ka zauna a bencin baya kana kallon yadda malami ke koyarwa. Ranar farko ajin kamar masallaci, yara tsit, malami sai fara'a. Sai an yi mako biyu ko uku, sun saba da kai sun manta kana wurin, sa'an nan za ka ga ajin na gaskiya: wanda ke barci, wanda ake tsoro, da wanda malam ba ya taɓa kira. Ranar da ka riƙe allin da kanka kuma, sai ka gane abubuwan da ko shekara ka yi a bencin baya ba za ka gane ba. Saboda haka ni ban raina wannan hanya ba ko kaɗan.

Akwai wani Ba'amurke, Paul Stoller, da ya ba da labarin yadda ya koyi wannan darasi a garin Mehanna, a bakin kogin Kwara cikin Nijar. Ya fara da takardar tambayoyi, yana bi yana tambayar mutane harsuna nawa suke ji. Bayan ya gama wahalarsa sai ya gano cewa wanda ya ce masa yana jin huɗu, biyu yake ji, kuma haka sauran suka yi masa. Da ya yi fushi, wani dattijo ya ba shi shawara ya ajiye tambaya, ya zauna cikin mutane ya saurara. Mu nan zango wannan bai ba mu mamaki ba. Wa zai faɗa wa baƙo mai takarda gaskiyar cikinsa ranar farko?

To, in kasuwa ce ake nazari, ko noma, ko bikin aure, ba wata matsala. Baƙo na iya tsayawa a rumfa ya auna goro, yana iya riƙe fartanya, yana iya bin 'yan rakiyar amarya. Amma in aka zo kan addini sai hanyar ta yi karo da bango. Ana cewa in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Salla fa ba wutsiya ba ce. Mutumin da ya shiga sahu ya ɗaga hannu ya yi kabbara, ya faɗi wata magana ke nan a gaban Allah da gaban mutane. In ya yarda da ita, ya tashi daga baƙo mai kallo ya zama ɗayanmu. In bai yarda ba, to me yake yi a cikin sahun?

Masu wannan fanni sun daɗe suna kokawa da wannan tambaya, kuma kowa da inda ya tsaya. Evans-Pritchard, Baturen Ingila da ya zauna da Azande a kudancin Sudan daga 1926, ya tarar ba sa yanke wata babbar shawara sai sun yi duba: su ɗura wa ɗan tsako wata guba, in ya mutu amsa ɗaya, in ya rayu amsa dabam. Sai shi ma ya tanadi gubar da kajinsa, yana tafiyar da harkokin gidansa da ita, har ya faɗa a littafinsa na 1937 cewa bai ga ta gaza sauran hanyoyin da ya sani na tafiyar da gida ba, alhali bai yarda da maita ba. Stoller da na ambata ya wuce nan. Ya zama almajirin bokayen Songhai, ya haddace surkullensu, ya ci abin da suka ba shi ya ci. A littafinsa na 1987 ya ce wani dare a garin Wanzarbe ya farka ya kasa motsa ƙafafunsa, tsoro ya kama shi, ya karanta abin da aka koya masa. Ya shiga don ya duba, sai ruwan ya nemi cinye shi.

Akwai kuma waɗanda suka shiga da fuska biyu. Wani masanin Holan, Snouck Hurgronje, ya nuna ya musulunta, ya ɗauki suna Abdulgaffar, ya shiga Makka a 1885 ya yi watanni yana zama da malamai da alhazai, musamman mutanen tsibiran da yanzu ake kira Indunusiya. Bayan 'yan shekaru sai ga shi mai ba gwamnatin mulkin mallakar Holan shawara a yaƙin Aceh, kuma shawararsa ita ce a murƙushe malaman da ke jagorantar turjiya. Ilminsa na gaske ne, ba wanda ya musa. Amma da tuwon mutane aka tara shi, aka kuma juya shi a kansu. Shi kansa Malinowski, da aka buga littafin sirrinsa na yau da kullum a 1967, shekara 25 bayan mutuwarsa, sai aka ga yana zagin mutanen da suka saukar da shi. Don haka in wani tsoho a zango ya ƙi sakin jiki da mai littafi, kada 'yan boko su yi saurin ce masa jahili.

Wanda ya fi tsaya mini a rai cikinsu duka shi ne Abner Cohen, domin zango irin namu ya yi wa aiki. Haifaffen Bagadaza ne, ya zauna a unguwar Sabo ta Badun, watau Ibadan, daga 1962 zuwa 1963, littafinsa ya fito a 1969. Duk ɗan zangon da ya karanta shi zai ga kamar gidan kakansa ake bayani. Ga maigida mai saukar da fatake, ga dillalai da yaransa, ga shanu na gangarowa daga arewa, goro na haurawa, ana ciniki na dubbai a kan bashi ba takarda ba sa hannu, sai amana. Cohen ya lura cewa a farkon shekarun 1950, cikin ɗan lokaci kaɗan, yawancin mazan Sabo suka shiga ɗarikar Tijjaniyya, kuma a 1952 suka daina zuwa babban masallacin gari inda suke Juma'a tare da Yarbawa, suka tsai da tasu Juma'ar a cikin Sabo. Ya tambayi kansa, me ya sa a daidai wannan lokaci? Amsar da ya bayar ita ce, a zamanin Turawa hukuma ta amince da Sabo a kan unguwar Hausawa mai sarkinta, to da siyasar jam'iyyu ta zo sai wannan kariya ta fara zubewa, ga kuma Yarbawa Musulmi sun yi yawa, ana salla tare, bambanci na neman ɓacewa. In bambancin ya ɓace, cinikin goro da shanu zai fita hannun Hausawa. Sai ɗarika ta zo ta ɗaure su wuri ɗaya, kowa da muƙaddaminsa, kowa da wurin zamansa kowace yamma.

Na karanta wannan bayani fiye da sau ɗaya, kuma ba zan ce ƙarya ya yi ba. Abin da ya gani yana nan, kuma mai yiwuwa mutanen Sabo da kansu ba su taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu a ransu ba. Wannan shi ne amfanin idon baƙo. Bai kuma ce munafukai ne ba. Amma ɗalibin da ya rufe littafin a Landan ya san abin da ɗarika ta yi wa cinikin goro, bai san abin da ke tayar da tsoho tun kafin asuba ya ja lazimi shi kaɗai cikin duhu ba, inda ba abokin ciniki mai ganinsa. Ido na ganin sahu, yana iya ƙirga mutanen da ke ciki, yana iya gane wa ke tsaye kusa da wa. Niyya kuwa a zuci take, kuma a addininmu da ita ake auna aikin.

Wani ɗan ƙasar nan, Bawa Yamba, ya bi wata hanya dabam. Ya zauna da mutanen Afirka ta Yamma, galibinsu Hausawa, da ke ƙauyuka a yankin Jazira na Sudan suna aiki a gonakin auduga. Ya tarar da mutum an haife shi a can, an haifi ubansa a can, amma in ka tambaye shi sai ya ce shi mahajjaci ne, a kan hanyar Makka yake. Mai gaggawa zai ce talauci ne ya tsayar da su, maganar hajji kuwa rufin asiri ce. Yamba bai yi haka ba. A littafinsa na 1995 ya ɗauki maganar tasu da nauyinta, ya bi ta ya ga yadda ta tsara zamansu, har irin gidajen da suke ginawa na wanda bai yi niyyar daɗewa ba. A ganina wannan ya fi kusa da adalci: ka fara da abin da mai ibada ya ce yana yi, sa'an nan ka kawo naka.

Saura guda ɗaya, kuma a nan Ankara aka yi shi. A 1954 wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya ɗauki fim na taron 'yan Hauka a bayan gari. Galibinsu 'yan ci-rani ne daga Nijar, Zabarmawa da makwabtansu, masu dako da aikin ƙarfi a cikin birni. In iskokin sun hau su sai wannan ya zama Gwamna, wancan kofur, wancan direban jirgin ƙasa, suna kwaikwayon faretin Turawa, baki na kumfa, har aka yanka kare aka ci. Rouch bai yi musu sata ba. Ya daɗe da sanin mutanen, kuma shugabanninsu ne suka gayyace shi. Amma da aka nuna fim ɗin a Faris, 'yan Afirka da ke wurin suka fusata, suka ce ya ba masu raina baƙar fata abin da suke nema, malaminsa Marcel Griaule ma ya ce a lalata shi. Gwamnatin Ingila ta hana nuna shi a nan, don ta ga da ita ake. Duk da haka fim ɗin ya ci kyauta a Banis a 1957, kuma har yau ana nuna wa ɗalibai. Ni Musulmi ne, ba ruwana da bori ko wani abu mai kama da shi. Abin da ya dame ni shi ne, mutanen nan sun yarda a ɗauke su, amma ba su san idanun da za su kalle su ba, ba su kuma san jikokinsu za su tarar da fuskokinsu a intanet ba. Yardar da mutum ya bayar bai san nisan inda abin zai kai ba, ni ban ɗauke ta cikakkiyar yarda ba.

Duk wannan karatu ne a gare ni, sai shekara uku da suka wuce abin ya iso ƙofarmu. 'Yan'uwana Ahlussunna su yi mini haƙuri, ba muhawarar ɗarika na zo yi ba, labari ne na zawiyar da na tashi a cikinta. Wani saurayi ya zo daga wata jami'a ta ƙasar nan, Batone ne, Kirista, yana so ya rubuta kundin digirinsa a kan wazifa. Ya kawo takarda da Turanci, sai muƙaddaminmu ya aika aka kira ni. Ya ce, "Ticha, karanta mana, ka kuma faɗa mana abin da takardar ba ta faɗa ba." Na karanta, na yi musu bayanin hanyar kamar yadda na yi a sama. Yaron ya ƙara da cewa malamin da ke duba aikinsa ya ce kallo kaɗai bai isa ba, sai ya shiga an yi da shi. Yana so a koya masa alwala, ya zauna cikin da'ira, ya riƙa faɗin abin da ake faɗa.

Dare uku ana tattauna wannan magana bayan lisha. Ladaninmu, wanda yana yaro a 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su bar ƙasa, ya ce shi duk mai rubuta sunayen mutanen zango ba ya ƙaunar ganinsa, domin ya ga motocin da suka kwashe makwabtansu. Wani Alhaji ya ce a bar yaro ya shiga, wa ya sani ko Allah zai shiryar da shi ta wannan hanya. Wani malami ya kawo hukunci, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ba Musulmi ba ba ya shiga masallaci, ko da yake wasu mazhabobin sun sassauta. Samari kuma suka kawo misalin Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, da ya je cocin Katolika ta Christ the King a Ankara ranar Ista ta 2019, ya zauna, ya gaisa da jama'a, bai kuwa yi ibadarsu ba. Suka ce ashe ana iya halarta ba tare da an bauta ba.

Muƙaddami bai ce uffan ba sai dare na uku. Ya sa aka kira yaron, ya ce in fassara. Ya ce, "Ɗana, ga baranda nan bakin ƙofa, daga nan kana ganin komai, kana jin komai. Nan ne wurinka, ba mai tashinka. Abincinmu naka ne. In ana shimfiɗa tabarmi ka kama, in ana cika butoci ka cika, in an yi rasuwa ka bi mu maƙabarta. Amma kada bakinka ya faɗi abin da zuciyarka ba ta yarda da shi ba. Kai ma kana da wanda kake bauta wa, kada ka ci amanarsa saboda takarda." Ya kuma kafa masa sharaɗi biyu: ba sunan kowa a rubutun, ba hoto in an shimfiɗa farin ƙyalle, kuma kafin ya miƙa wa jami'a, ya kawo a karanta mana da Hausa. Yaron ya durƙusa ya ce, "Na ji, Baba." Amma da muka fito ya ce mini yana tsoron malaminsa zai ce bai shiga ba. Na ce masa ya faɗa wa malamin nasa daidai abin da aka ce masa, ya kuma rubuta shi a kundin, domin inda mutane suka shata maka iyaka shi ma wani abu ne da ka koya game da su.

Wata takwas ya yi da mu. Ya iya Hausa daidai gwargwado, yara suka sa masa suna Ɗan Baranda. Da azumi ya zo ya ɗauki kwana goma don kansa, ba wanda ya sa shi, ya ce yana so ya san yadda jiki ke ji in ana hailala da yammacin Juma'a ciki ba komai. Wannan kam ba wanda ya hana shi, yunwa ba ta da addini.

Ranar karatu masallaci ya cika, shi yana barandarsa, ni ina tsaye bakin ƙofa ina juya Turancinsa zuwa Hausa. Ya rubuta abubuwan da muka sani, kamar adadin istigfari da Salatul Fatihi da hailala, da Jauharatul Kamali ƙafa 12, duk daidai. Sa'an nan ya shiga waɗanda ba mu taɓa faɗa wa kanmu ba. Ya ce matan gidan da ke jikin bangon masallaci suna bin wazifar daga tsakar gida kullum, kuma akwai wata tsohuwa da ke ƙirga da ƙwallayen dabino, in maza sun yi kuskuren adadi sai ta aiko jikanta ya faɗa wa mai ja. Mu mun ɗauka yaron wasa yake zuwa yi. Ya ce samarin da ke bin Ahlussunna sukan sulale bayan magariba kafin a fara, su dawo salla ta lisha su tsaya kusa da iyayensu, kuma ba wanda ke ɗaga kai ya dube su. Wanda ya tuna faɗace-faɗacen shekarun 1990 tsakanin ɓangarorin nan biyu a garuruwanmu ya san wannan sulhu ne babba, kuma ba wanda ya taɓa zama ya ƙulla shi.

Sai aka zo babin zama. Ya zana da'irar, ya nuna cewa waɗanda ke bakin farin ƙyalle kusan dukansu masu gidaje ne, 'ya'yan waɗanda suka fara sauka a unguwar, 'yan haya kuwa da sababbin zuwa daga arewa suna baya, ko da sun riga kowa isowa, ko da sun fi kowa karatu. Wuri ya kaure. Wani Alhaji ya ce wannan ƙage ne, a gaban Allah duk ɗaya muke, ba wanda ya taɓa ce wa wani ga wurinka. Muƙaddami ya bari ya gama, sa'an nan ya ce, "Alhaji, dubi inda kake zaune, ka kuma waiwaya ka dubi na bayanka." Aka yi dariya, amma irin dariyar da ba ta kai ciki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, haka ake cewa, to wannan yoyon shekara da shekaru yana zuba a kanmu, sai da na baranda ya nuna mana.

A babi na ƙarshe ne aka juya masa. Ya bi sawun Cohen, ya rubuta cewa mutane na zuwa wazifa domin su riƙe zumunci da amanar ciniki, tun da wanda kuke haɗa gwiwa da shi kowace yamma ba zai cinye maka bashi ba. Sai wani tsoho daga can baya ya ɗaga hannu. Ɗan haya ne, dako ya yi a kasuwa har ƙarfinsa ya ƙare, ban taɓa jin ya yi magana a taro ba. Ya ce, "Ticha, tambayar mini shi. Ni ba gida, ba shago, ba mai ba ni bashi, ba wanda nake bi. Shekara talatin ina zuwa nan. Amanar wane ciniki nake tsarewa?" Na fassara. Yaron ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baba, to me ke kawo ka?" Tsohon ya ce shi an gaya masa, ya kuma yarda, cewa in an kai ƙafa ta bakwai ta Jauhara Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana halartar wurin. Ya ce duk yini ana kiransa da kai-mai-kaya, to akwai wuri ɗaya da yake zama a majalisa ɗaya da Annabi, don me zai fasa zuwa?

Wasu suka ce yaro ya goge babin gaba ɗaya. Muƙaddami ya ce a'a, abin da idonsa ya gani nasa ne, ba za a sa shi ƙarya ba, amma ya sa maganar tsohon nan a gefen tasa, da Hausarta yadda ya faɗe ta, ba tare da ya yi mata fassarar da za ta mai da ita wani abu dabam ba. Haka kuwa ya yi. Na ga kundin bayan an ɗaure shi, maganar tana shafi ɗaya da tasa, ba suna, sai "wani dattijo ɗan haya."

Ya kawo mana kofi ɗaya, yana cikin kabad ɗin masallaci tare da littattafan Malam. Da Turanci yake, kuma a zawiyar mu uku ne ke iya karanta shi, saboda haka na fara juya babin zama da na ƙarshe zuwa Hausa a lokacin hutu, in Edita ya ba da fili za a gan su a wannan shafi. Zaman da'ira dai bai canja ba, masu gida na gaba, 'yan haya na baya. Sai dai tun daga ranar, in an gama wazifa za a naɗe farin ƙyalle, muƙaddami kan ɗaga kai ya kira tsohon nan daga baya ya zo ya kama gefe ɗaya.